Babur Ɗin Ƙanƙara Na Hawan Duwatsu: Jarrabawar Da Ake Yi Masa Ba Ta Cika Ba

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama a yammacin Kanada da Amurka, kamfanonin da ke ƙera babur ɗin ƙanƙara sukan fito da sabon samfuri na hawan duwatsu, su danƙa wa gwanayen tuƙi domin su jarraba. Rahoton da ke biyo baya kusan kullum kamanninsa ɗaya: ga yadda ya yi a dusar ƙanƙara mai laushi, ga yadda ya yi a kan daskararriya, ga kuma yadda ya yi a jiƙaƙƙiya ta ƙarshen hunturu. Akasarin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Duk da haka na ga ya dace mu duba al'amarin, domin darasin da ke cikinsa na danni da nauyi ɗalibi zai sake gamuwa da shi a ƙafar raƙumi, kuma domin a nawa ra'ayi irin waɗannan rahotanni rabin magana kawai suke faɗi.

Da farko, mene ne abin? Mai karatu ya ƙaddara babur wanda aka cire masa tayoyi. A gaba an sa masa alluna biyu masu santsi waɗanda ke sulu a kan dusar, su ne kuma ake karkatawa idan za a yi kwana. A baya akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, yana zagayawa irin na katafila, shi ke tura shi gaba. Cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙirƙiro shi akwai Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a lardin Kebek. A hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya rasu saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya sami rajistar ƙirarsa ta motar ƙanƙara, a 1959 kuma kamfaninsa ya fara sayar da ƙaramin samfurin nan mai suna Ski-Doo. Ke nan larura ce ta haifi abin, kuma har yau shi ne jakin mafarauta da makiyaya da ma'aikatan ceto a ƙasashen arewa mai nisa. Na hawan duwatsu kuwa, irin su Ski-Doo Summit da Polaris RMK, galibi don nishaɗi ake sayensu.

Abin da ya bambanta na duwatsu da na hanya shi ne bel. Zagayen bel ɗinsa yakan kai inci 165, wato fiye da mita 4, faɗinsa wajen santimita 40, haƙoransa kuma sukan kai santimita 7 da ɗoriya. Bari mu yi ɗan lissafi na kintace. Babur da mai da mahayi, a ce kilo 320. Ɓangaren bel da ke taɓa dusar, a ce tsawonsa santimita 170, a ninka da faɗin 40, ya ba mu santimita murabba'i 6,800. Idan aka raba, kowane santimita murabba'i bai ɗauki giram 50 ba, tun ba a ma lissafa da allunan gaba ba. Mutum mai kilo 70 kuwa, idan ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tafiya, nauyinsa duka na kan tafin takalmi mai wajen santimita murabba'i 200, wato giram 350 a kan kowane ɗaya. Shi ya sa mahayi kan sauka daga babur ɗin da ke tsaye daram a bisa dusa, shi kuma ya nutse har ƙugu. Wannan ita ce hikimar faffaɗan tafin raƙumi a rairayi, ita ce kuma ta direban da ke rage iskar taya kafin ya shiga yashin Tenere. Malami na iya sa ɗalibai su zana tafin ƙafarsu a takarda mai gida-gida, su ƙirga gidajen, su raba nauyinsu da adadin. Darasin ba ya bukatar komai sai sikeli da fensir.

To, amma dusar ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Sabuwar zuba mai laushi kusan duk iska ce: akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi, idan aka cika shi da ita, nauyinta bai cika wuce kilo 50 zuwa 100 ba, alhali ruwa mai wannan yawa kilo 1,000 ne. A irin wannan ne babur ɗin duwatsu ke nuna bajintarsa. Dogayen haƙoran suna kamfatar dusar suna watsa ta baya kamar yadda matuƙin kwalekwale ke yi da filafili, dogon bel ɗin kuma yana hana shi nutsewa. Sharaɗin shi ne kada a tsaya a kan hawa. Idan gudu ya ragu bel ya ci gaba da juyawa, sai ya haƙa wa kansa rami ya zauna a ciki, mahayi ya kama shebur.

A kan daskararriyar hanya labari ya sha bamban, kuma nan ne ake gane cewa kowace ƙira da abin da aka sadaukar kafin a same ta. Injin ba ya da lagireto irin na mota. Ruwan da ke sanyaya shi yana bi ta wasu faranti na alminiyum da ke saman bel, kuma dusar da bel ke watsawa ita ke ɗauke zafin. Haka nan sandunan da bel ke gogawa a kai, dusar ce man shafawarsu. Idan hanya ta yi tauri babu abin watsawa, inji ya ɗau zafi, sandunan su fara narkewa, dogayen haƙoran kuma su yi ta lanƙwashewa har wasu su yage. Maganin da aka samo abin dariya ne don sauƙinsa: wasu 'yan ƙarafa biyu ake saukarwa su riƙa kartar ƙanƙarar suna tayar da ƙura. Bugu da ƙari an matso da allunan gaba kusa da juna don a ji daɗin karkata babur a gefen dutse, saboda haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana da saurin tangaɗi a kwana. Jiƙaƙƙiyar dusa ta ƙarshen hunturu, wadda nauyinta kan ninka na sabuwa sau huɗu ko biyar, tana ba haƙora abin kamawa, hawa ya yi sauƙi da safe. Da rana ta yi sai ta koma kamar taɓo, ta manne a jikin babur ta ƙara masa kaya.

Sauran matsalar ita ce iska. Inji yakan yi asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, saboda ƙarancin oksijin. A shekarar 2020 Ski-Doo ya fito da inji mai na'urar turbo, wadda ke cusa masa iska da ƙarfi, har ya riƙe ƙarfin doki 165 zuwa tsayin wajen mita 2,400. Ban ga laifin wanda ya jinjina wa injiniyoyin ba. Ni ma na jinjina.

Akwai nau'in dusa guda ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, domin a kansa maganata ta rataya. Ƙasa ta fi iskar hunturu ɗumi, don haka tururi yakan taso daga can ƙasan dusar ya bi ta cikinta zuwa sama. Sannu a hankali kashin da ke ƙasa ya rikiɗe ya zama manyan ƙwayoyi marasa haɗin kai, kamar sukari. Ga mahayi, wannan dusa ce mara amana: haƙora ba su samun abin kamawa, bel ya haƙa har ya tarar da duwatsu. Ga masanin zaftarewar ƙanƙara, ita ce raunannen kashin da wani ƙaton falle ke kwance a kansa, yana jiran abin da zai motsa shi, musamman a gangare mai digiri 30 zuwa 45. A watan Disamba na 2008 mahaya 8 suka mutu a zaftarewa kusa da Fernie a lardin Biritish Kolombiya, a watan Maris na 2010 kuma wata ta afka wa taron mahaya a dutsen Boulder kusa da Revelstoke, ta kashe mutum 2 ta raunata da dama. Sabon inji yana kai wanda bai ƙware ba inda a da sai gwani ke zuwa.

Ga masanin ilmin halittu kuwa, wannan kashi mai kama da sukari gida ne. A cikinsa ɓerayen daji da jaɓa ke haƙa hanyoyinsu su yi hunturu, domin idan dusar ta yi kauri, zafin wurin yakan tsaya kusa da digiri 0 ko da a waje ana digiri 30 ƙasa da sifiri. Iskar da ke cikin dusa ita ce bargon. Idan aka danne ta iskar ta fice, sanyi ya ratsa, hanyoyin kuma su toshe. Binciken da aka yi a jihar Minnesota a farkon shekarun 1970 ya nuna mutuwar ƙananan dabbobi a filayen da aka danne da babur. Adalci ya sa in ƙara da cewa wani bincike na jihar Kolorado da aka buga a 2018 ya nuna ɓarnar ta fi yawa idan aka fara hawa tun dusar ba ta yi zurfi ba. Idan ta haura mita guda, dannin bai cika isa ƙasa sosai ba.

Abin da ya fi damuna yana sama ne, a kan fuskar dusar. Zurfin dusa katanga ce da ta raba dabbobi tun fil azal, kuma lissafin da muka yi ɗazu shi ne mabuɗin ƙofarta. Kyanwar dajin nan da ake kira links tana da faffaɗan tafi, don haka takan yi farautar zomo a inda koyot, wani ɗan uwan dila, zai nutse. Murray da Boutin sun auna a Yukon, a aikinsu na 1991, suka ga dannin ƙafar koyot ya ninka na links sau huɗu ko fiye. Babur ɗin da ya wuce sau ɗaya ya bar daɓaɓɓiyar hanya, wadda kowane mai siririyar ƙafa zai iya bi. Shin koyot na bin ta har ya ci abincin links? Wani bincike a Utah a 2006 ya ce yana bi ƙwarai, wani a Montana a 2007 ya ce tasirin kaɗan ne, kuma bambancin irin dusar wuraren biyu na cikin dalilan da ake bayarwa. Ɗalibi ya lura: haka kimiyya take, sakamako biyu na iya saɓawa ba tare da ɗayansu ya zama ƙarya ba.

Batun karibu na duwatsun Biritish Kolombiya ya fi wannan fitowa fili. Karibu dabba ce dangin barewa, mai faffaɗan kofato. Irin na wannan yanki yana da wata dabara mai ban mamaki: maimakon ya gangara kwari a ƙarshen hunturu, sai ya haura sama inda dusa ta kai mita 2 ko fiye, ya taka ta kamar dandamali, ya miƙa wuya ya ci wani tsiro mai kama da gansakuka da ke rataye a rassan tsofaffin itatuwa. A can kyarkeci ba ya iya binsa cikin sauƙi. To, waɗannan tuddai masu zurfin dusa da itatuwa jefi-jefi su ne ainihin wuraren da aka ƙera sabon babur dominsu. Seip da abokan aikinsa, a rahotonsu na 2007, sun ƙidaya karibu a duwatsu da dama, suka tarar cewa dutsen da ake yawan hawa da babur babu su a mafi yawan shekarun ƙidayar, alhali abincinsu na nan, maƙwabtan duwatsu kuma suna da su. Tun a 2002 Creel da abokansa suka nuna, ta hanyar auna kashin dabbobi a gandun Yellowstone da wasu wurare, cewa sinadarin damuwa na ƙaruwa a jikin kyarkeci da manyan barewa idan zirga-zirgar babura ta yawaita, ko da yake ba su ga alamar raguwar adadinsu ba.

Masu hawa za su ce ba su ne suka ƙarar da karibu ba, kuma gaskiyarsu. Saran tsofaffin dazuzzuka da yawaitar masu farautarsa su ne manyan dalilai. Amma dabbar da ke rayuwa a kan abinci maras maiƙo, tana ƙirga kowane taki a hunturu, ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓatar wajen gudun inji. Garken kudancin duwatsun Selkirk, wanda shi ne na ƙarshe da ke tsallakawa cikin Amurka daga wannan yanki, ya ƙare a watan Janairu na 2019, lokacin da aka kama macen da ta rage aka kai ta wani killataccen wuri kusa da Revelstoke.

Saboda haka nake ganin duk rahoton da ya ce sabon babur ya fi na bara iya hawa a zuzzurfar dusa, ya kamata hukumomin gandun daji su karanta shi a matsayin sanarwa cewa iyakar da suka shata a da ta tsufa. Yawancin tsofaffin dokoki sun dogara ne, ba tare da an rubuta ba, a kan cewa akwai inda inji ba zai iya zuwa ba. Hana baburan gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ban kuma goyi bayansa ba, domin garuruwa irin su Revelstoke na cin abinci da baƙin hunturu. Abin da ya dace shi ne rufe wurare bisa ga inda dabbobin suke, da jinkirta buɗe fili har dusa ta yi kauri. Bayan shirin ceto karibu na 2007, gwamnatin lardin ta rufe yankuna masu faɗi ga babura. A tsakiyar duwatsun Selkirk kuma an gwada wani tsari da ya fi burge ni: an rataya wa wasu karibu na'urar da ke aiko da inda suke ta tauraron ɗan Adam, ana sabunta taswira kullum, kwarin da garke ya shiga a rufe shi, wanda ya bari a buɗe, mahayi kuma wajibi ne ya duba taswirar ranar kafin ya tayar da inji.