Kiɗan Dare Ɗaya Ba Ya Ɗage Takunkumi

Ranar Juma'a 25 ga Maris, 2016, makaɗan rok ɗin nan na Ingila, Rolling Stones, suka yi wasa kyauta a Habana, babban birnin Kyuba, kwana uku bayan Obama ya kammala ziyararsa. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi dafifi, har da baƙi daga ƙetare. Kafafen watsa labaran Yamma suka yi ta kururuwa wai 'yanci ya iso.

To, ina 'yancin? Baƙin nan sun zaga tsohon gari suna ɗaukar hotunan motocin Amurka na shekarun 1950. A wurinsu abin sha'awa ne. Ga ɗan gari kuwa, akwala ce yake ta lallaɓawa, a ƙasar da Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi tun 1962. Makaɗa suka kwashe komatsansu, suka bar takunkumi daram.

Saboda haka duk matashin da kallo ya kai shi wani gari, kada fitilun dandali su rufe masa ido. Ya leƙa kasuwa, ya tambayi farashin burodi, ya ji ta bakin talaka. Ruwa ba ya tsami banza.