Farfelar da ta zo da inji ba lalle ba ne ta dace da jirginka

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin duk masuncin da ke fita da jirgin inji ya dagule. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira 1,000, ballantana a ƙauyukan bakin ruwa da sai an yi dakon man a jarka. Daga Yawuri a Tafkin Kainji har Doron Baga a Tafkin Chadi kukan ɗaya ne: a kwana cikin ruwa, a kamo tarwaɗa da karfasa, kuɗin ya ƙare a wurin mai sayar da mai. Farashin fetur ba a hannun masunci yake ba, amma akwai abin da ke hannunsa wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato farfelar da ke gindin injinsa. Ra'ayina shi ne nauyin jirgi a lokacin da yake ɗauke da kaya ne ya kamata ya zaɓi farfela, kuma da awo za a tantance hakan. Abin da ya zo a kwali, ko abin da maƙwabci ya ɗaura, ba hujja ba ne.

A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13, irin wadda ake yawan gani a injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Lambar farko faɗin farfelar ce da inci. Ta biyu ita ce takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zame mata. Injin da ake rataya wa jirgi a baya giyar gaba ɗaya tak gare shi, saboda haka takun farfela ne ke tsaye a madadin sauran giyoyin. Duk direban babbar mota ya san abin da zai faru in ya tunkari hawa da cikakken lodi a giyar ƙarshe: mota za ta yi ta gurnani tana baƙin hayaƙi, ba gudu, ga cin mai. Haka inji yake ji in an ɗaura masa farfela mai dogon taku a jirgi mai nauyi. Kamfanin ya rubuta a littafin irin waɗannan injina, masu doki 15 da masu doki 40, cewa in an murɗa totur har ƙarshe, juyin inji ya tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti ɗaya. Ƙarin inci ɗaya a taku yakan rage juyi kamar 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma ya ƙara kwatankwacin haka.

A ɗan yi lissafi. A injin doki 40, farfela tana juyi ɗaya ne duk lokacin da inji ya yi biyu. In inji yana juyi 5,000 a minti, farfela tana 2,500 ke nan, kuma da taku 13 tana neman jirgi ya ci kusan kilomita 50 a awa. Wannan gudun ƙaramin jirgin roba ne marar nauyi, wanda ke ɗaga ƙirji ya riƙa sulalawa a saman ruwa. Jirgin katako mai tsawon mita 10, wanda katakonsa ya sha ruwa, ga mutum huɗu ko biyar, ga jiƙaƙƙiyar koma, ga kifi, keta ruwa yake yi da ƙirjinsa. Da zarar irinsa ya wuce kamar kilomita 14 a awa, igiyar ruwan da yake tayarwa da kansa ke danne shi, kuma kowane ƙarin gudu sai an biya shi da mai mai yawa. Littafin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2012 kan tsimin mai a ƙananan jiragen kamun kifi ya tsaya a kan haka: sassauta gudu shi ne babbar hanyar tsimi, kuma jirgi mai nauyi ya fi son farfela mai faɗi mai juyi a hankali. Shi ya sa kamfani ɗaya ke ƙera wa inji ɗaya farfeloli iri-iri, irin su 11 5/8 x 11 da 12 1/4 x 9.

Ɓarnar dogon taku ba ta tsaya ga mai ba. Injin da aka buɗe wa totur amma ya kasa kai juyinsa yana ɗaukar zafi, fulogi ya riƙa yin baƙi, kunkunniya ta taru a kan fistin har ringi ya maƙale, wata rana a ji inji ya buga a tsakiyar tafki. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan gurɓataccen mai ko sakacin bakanike, alhali injin ya daɗe yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Gajeren taku da ya wuce kima shi ma yana da nasa sharrin: inji ya yi ta kururuwa sama da juyi 5,500, musamman in jirgi ya fita ba kaya, ƙarafan ciki su cinye kafin lokacinsu. Don haka ba cewa ake yi kowa ya koma ƙaramar lamba ba. Kowane jirgi da tasa.

Wani zai ce ai kamfanin da ya ƙera inji ya fi kowa sanin farfelarsa. Ya san injinsa, amma bai taɓa ganin jirginka ba. Farfelar da ke zuwa da inji zaɓi ne na tsaka-tsaki, wanda aka yi wa kasuwannin duniya baki ɗaya. Wani kuma zai ce gudu shi ne riba, don wanda ya riga kowa isa gaɓa da ɗanyen kifi shi ke samun ciniki, kuma rage taku rage gudu ne. Wannan gaskiya ne ga jirgin da ba kaya. Ga jirgi mai kaya kuwa, ƙarfin doki 40 ɗin nan ba ya fitowa sai inji ya kai juyinsa. Injin da aka danne a juyi 3,800 wani kaso kawai na ƙarfinsa yake bayarwa, sai ka ga mai taku 11 ya wuce mai taku 13 da lodi iri ɗaya. Sauri ya haifi nawa ke nan. Masu tsoron cewa yawan juyi yawan cin mai ne kuma, su tuna cewa abin da ke jan mai shi ne yadda aka buɗe totur. Farfelar da ta dace tana ba matuƙi damar sassauta hannu jirgi kuma bai mutu ba, a nan tsimin yake.

Babbar jayayya ita ce ta ƙwararru, waɗanda za su ce kunnensu ya ishe su. Ba a raina kunnen tsohon bakanike, yana iya jin injin da ke shan wahala tun daga gaɓa. Amma bambancin juyi 4,200 da 4,700, cikin iska da ƙarar ruwa, ba abin da kunne zai rantse a kai ba ne, kuma a wannan ɗan tsakanin ne zaɓin yake. Gani ya kori ji. Akwai ƙaramin agogon auna juyi, bai kai tafin hannu ba, wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi ya nuna lamba. A loda wa jirgi irin kayan da ya saba dawowa da su, a fita inda ruwa ke kwance, a buɗe totur har ƙarshe na ɗan lokaci, a karanta. In lambar ta gaza 4,500, a rage taku. A sauke kaya a sake gwadawa, a tabbata ba ta wuce 5,500 ba. Daga nan a auna litar da aka ƙona a hanyar da aka saba bi, kafin canji da bayansa, jarka ta yanke hukunci.

Sai maganar ƙarfen da aka yi farfelar da shi. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi ta alminiyam ƙwari da daɗewa, shi ya sa take burge mai saye. Amma Tafkin Kainji, da ya cika bayan kammala dam a 1968, ya shanye dazuzzuka da gonaki, kuma kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashin ruwa, suna matsowa sama duk lokacin da ruwa ya ja baya. In farfelar alminiyam ta daki kututture, fiffikenta ne zai lanƙwashe ko ya ɓalle. In mai taurin ce, bugun yakan wuce zuwa sandar da take juyi a kai da haƙoran giya, gyaran da ya ninka kuɗin farfela sau da yawa. A irin wannan ruwa gara ta alminiyam, da wata a ajiye cikin jirgi tare da noti da fil. Wadda aka kai wa mai walda ya cike ta da ido kuwa, fikafikanta ba sa zama daidai, sai ta riƙa karkarwa tana cinye robar da ke tare man giya. Zaren koma da ya naɗe a bayan farfela ma haka yake yi, don haka a riƙa cire ta ana dubawa.

Akwai fargabar da ta cancanci amsa, cewa farfela mai jan nauyi za ta ƙara wa masu jirage kwaɗayin lodi, a yankin da bai manta da jirgin da ya nutse da mutane masu yawa kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ba. Farfela ba ta ƙara wa jirgi tsawon baki, kuma hana lodin ganganci aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) ne da shugabannin tasha. Abin da take bayarwa shi ne jirgin da ke amsa matuƙinsa in hadari ya taso. Saboda haka kiran nan ya fi shafar ƙungiyoyin masunta da sarakunan ruwa: kowace tasha ta mallaki agogon awo ɗaya da farfeloli uku ko huɗu na gwaji, a hannun bakaniken da aka yarda da shi. Cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa da kwalejin da ke kusa da ita su koya wa kanikawa wannan awo. Gwamnatocin da ke rabon injina a matsayin tallafi kuma su sa shi cikin sharaɗin kwangila, kada a miƙa inji sai an gwada shi a jirgin da zai yi aiki da shi.