Gadon Da Ba A Kai Shi Gaban Alƙali

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, akwai wani gado wanda ba a jiran mutuwar mai shi kafin a raba, ba a kuwa kiran alƙali. Shi ne gadon jini. Ina nufin ciwon nan da ake kira amosanin jini, ko sikila, wanda kan kama yaro tun yana goye, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya kwana yana kukan ƙashi. Mun daɗe muna ɗora laifinsa bisa sanyi, ko mayu, ko kishiya.

Wanda ya auna mana girman abin a ƙasar Hausa wani Bature ne, Alan Fleming, shehun malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, da ke ƙarƙashin Kano a lokacin, yau kuwa cikin Jihar Jigawa. Fleming da abokan aikinsa suka duba jinin mutanen, suka buga abin da suka gani cikin 1979. Cikin jarirai 100 wajen 2 an haife su da ciwon, amma da aka duba manya, da ƙyar aka sami mai shi. Ina suka tafi? Kushewa suka tafi tun suna ƙanana, ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su. Ni dai ina zaton da yawa daga waɗanda muke kira 'yan wabi suna cikin wannan lissafi.

Ga yadda abin ya ke. Ƙwayar jini ja ta mai lafiya kewayayya ce, tana yin kwana kamar 120. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta lalace cikin kwana 10 ko 20. Saifa ta kan gaza, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa buɗe.

Me ya sa irin bai ƙare ba, alhali yana kisa? Amsar ta fito tun 1954 daga Anthony Allison, wanda ya yi nasa bincike a Kenya da Yuganda: wanda ya gaji irin daga gefe guda kaɗai, watau mai AS, lafiyarsa lau, zazzaɓin sauro mai tsanani ma bai cika kashe shi ba. A Garki an tarar fiye da rubu'in manya haka su ke. Ashe garkuwa ce ga mai rabi, annoba ga wanda ya haɗa biyu.

To, malamai, ku ne ma'abuta ilmin fara'ili, wannan hisabi ba zai ba ku wuya ba. Kowane ɗa nisfi daga uba, nisfi daga uwa. Idan duka biyu AS ne, rubu'i ga lafiyayye, nisfi ga mai ɗauke da iri, rubu'i ga mai ciwo. Amma fa kada a ɗauka ɗa guda ne cikin huɗu ya biya wa sauran. Kowane ciki sabon ƙuri'a ne, ana iya samun uku a jere.

Ra'ayina shi ne, aikin Fleming ya kai kan takarda, bai kai zaure ba, kuma ku ne masu zaure. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure cikin 2024. Amma takardar da aka nema ranar ɗaurin aure ta zo a makare, an kai lefe, an raba goro, wa zai iya cewa a fasa? Falke ba ya duba haƙoran sa bayan ya biya kuɗi. A tura yaro da yarinya asibiti tun ranar da magabata suka fara gaisuwa, balle in auren zumunci ne a gidan da aka taɓa ganin ciwon.

Wanda kuwa aka riga aka haifa da shi, zamanin Garki ya wuce. Da rigakafi, da gidan sauro, da maganin da likita ke bayarwa kullum, da yawan shan ruwa, irinsu suna girma har su yi karatu su yi aure. In almajirinka ne, malam, kada ka tashe shi ɗebo ruwa da asubar hunturu. Haza wassalam.