Ɗan Zango Ya Ci Kambu, Ina Waƙar Zango?



A daren Asabar, 6 ga watan Mayu na 2023, aka yi bikin raba kyaututtukan mawaƙan Gana karo na 24 a babban zauren taro na Ankara, gidan talabijin na TV3 yana nunawa kai tsaye. Da dare ya yi nisa aka zo kan babbar kyauta, wato gwarzon mawaƙin shekara, sai aka kira Black Sherif. Sunansa na yanka Mohammed Ismail Sherif, haifaffen Konongo, a lokacin yana da shekara 21. Waƙarsa "Kwaku the Traveller" ita ma ta ci kyautar waƙar da ta fi karɓuwa a shekarar. Kafin gari ya waye wayoyi sun cika da hotonsa, daga Nima zuwa Aboabo magana ɗaya ake yi: namu ne, ɗan Zango ne.

Wannan kalma ta "namu ne" nake so mu tsaya a kanta, domin har yau ba mu biya kuɗinta ba.

Ba shi ne na fari ba. Ƙungiyar VIP, samarin Nima, sun ɗauki wannan kambu a 2004, suka sake ɗauka a 2011, kuma su kan jefa Hausa cikin waƙoƙinsu. Daga arewa, Fancy Gadam na Tamale ya ci kyautar sabon mawaƙi a 2017, shekara ta zagayo waƙarsa "Total Cheat" ta zama waƙar shekara, da harshen Dagombawa a bakinsa. Saboda haka mai cewa an rufe wa Musulmi ko ɗan arewa ƙofar wannan biki bai bi tarihinsa ba. Ƙofa a buɗe take, 'ya'yanmu suna shiga. Abin da ba ya shiga tare da su shi ne kiɗanmu da harshenmu. Black Sherif ya sa wa wata waƙarsa sunan unguwarsu, "Konongo Zongo", amma da harshen Tonawa da Turanci yake rerawa. Ban ga laifinsa ba. Harshen da ya tashi yana ji a kasuwa da makaranta ke nan, kuma shi ne harshen masu saye. Zango ma ai ba na Bahaushe kaɗai ba ne, Hausa ce dai igiyar da ta ɗaure mu. To igiyar ce ba a gani a dandamalin.

A dubi wadda ta fi ba shi wahala a wannan takara, Piesie Esther, mawaƙiyar coci. Watanni kafin bikin mutanenta suka tsaya mata, a rediyo da intanet da cikin majami'u, suna tara mata ƙuri'a, domin jama'a suna da kaso a zaɓen ta hanyar waya, ban da na alƙalan bikin. Ba ta ci babbar kyautar ba, amma ta tafi da ta fannin waƙoƙin coci. Kafin ita, Joe Mettle ya zama gwarzon shekara a 2017, Diana Hamilton ta zama a 2021, dukansu da waƙar ibada. Duk wanda ya taɓa kallon yadda mawaƙan coci suke hawa wannan dandamali ya ga abin da nake nufi: mutum talatin ko fiye a bayan mai waƙa, tufafi iri ɗaya, murya ta hau kan murya ba mai kuskure, makaɗa kowa ya san inda zai shiga da inda zai ja baya. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. Coci ce ta karɓi yaron tun yana ɗan shekara bakwai, ta ba shi ganga da molon Turawa, ta ba shi masu sauraro kowace Lahadi, ta gyara masa murya, da ya girma ta saya masa faifai. Ranar da ya ci kyauta suka ce nasu ne, gaskiya suka faɗa, domin sun yi wahalarsa.

Mu fa? Yaro a Zango in aka ji yana rera waƙa a soro, abin da ya fara samu shi ne harara. A ce zai zama maroƙi, zai zubar da mutuncin gida. Ya riƙa ɓoyewa yana zuwa situdiyo a wata unguwa, hannun mutanen da ba su san kalangu ba balle gurmi, su koya masa kiɗansu da harshensu. Shekara biyar, shekara goma, in Allah ya ɗaga shi aka kira sunansa a talabijin, sai mu fito da guɗa. Cin tuwo da miyar maƙwabci ke nan. In kuma bai dace ba, ya ƙare a bakin titi, mu ce da ma mun faɗa.

Na san abin da iyayenmu malamai za su ce, kuma ba zan raina shi ba, a gabansu na yi karatu. Za su ce a dubi shigar da ake yi a wurin, a dubi rawar, a dubi abin da ake sha bayan an tashi. Za su tuna mana 2019, daren da rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Shatta Wale da na Stonebwoy har bindiga ta fito a kan dandamali duniya tana kallo, aka watse ba a bayyana gwarzon shekara ba. Duk wannan ya faru. Hukuncin kiɗa kuma magana ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ni magatakarda ne, fatawa ba tawa ba ce. Amma akwai abin da idona yake gani a cikin aikina. Gidan da ake hana yaro waƙa, shi ne gidan da ranar biki ake ɗauko masu kalangu, a kafa manyan lasifika, a saki Ali Jita da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker har dare, iyaye mata suna liƙi. Ashe ba waƙar muka ƙi ba. Mun yarda mu saye ta daga Kano, ba mu yarda ta tsiro a tsakar gidanmu ba. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasar nan tana da nata gadon waƙar Hausa, tsoho kuma mai daraja. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi ya rasu a can a 1934, malami ne da ba mai shakkar iliminsa, kuma da Hausa ya tsara "Waƙar Talauci da Wadata", ya tsara wata a kan zuwan Nasara. A bakin kogin Volta aka rubuta su da ajami, Turawa suka kwasa suka kai ɗakunan karatunsu suna nazari. Yara nawa ne a makarantunmu na allo da na Islamiyya suka taɓa jin an rera baiti ɗaya daga ciki? Abin da saurayin Konongo yake kuka da shi a waƙoƙinsa, wato talauci da fafutukar neman na kai da yadda duniya take juya wa marar shi baya, shi ne abin da wannan dattijo ya tsara da harshenmu tun kafin a haifi kakanninsa.

Ga kuma masu bege. Duk wanda ya halarci mauludi a Ankara ko Kumasi ya san akwai muryoyi a cikinmu da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowace ƙungiyar coci. Na sha jin ana gunaguni cewa masu shirya bikin, kamfanin Charterhouse, sun ware wa waƙar coci fanni, ba su ware wa bege ba. Gunagunin yana da tushe, amma kafin mu kai ƙara mu duba kayanmu. Ana shiga takarar ne da waƙar da aka naɗa, aka fitar da ita kasuwa cikin shekarar, aka miƙa ta a kan lokaci. Mu kuwa begenmu yana cikin wayoyi, an ɗauka da hannu a tsakiyar taro, iska tana kaɗa lasifika, ba sunan mai waƙa, ba kwanan wata. Wane alƙali ne zai auna wannan? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ga sarakunanmu da limamai da masu hannu da shuni ba ta da tsada. Kowace Sallah muna kashe kuɗi wajen rumfa da kujeru da abincin baƙi. A ware wani abu daga ciki a sa gasa ta waƙar Hausa, ta bege da ta gargaɗi da ta zaman duniya, sarki ya miƙa kyautar da hannunsa a gaban iyayen yaro, domin wannan miƙawar ita ce za ta wanke sana'ar a idon gida. Wanda ya ci a biya masa kuɗin situdiyo, a haɗa shi da tsofaffin makaɗanmu tun suna raye, a naɗi kalangu da kyau yadda ake naɗar gangunan Tonawa. Malamai su zauna cikin alƙalai. In suna tsoron batsa, ga dama ta samu su tace kalmomi tun daga tushe, maimakon su yi wa'azi a kan waƙar da ta riga ta cika gari.

Tun 2024 bikin ya koma ɗaukar sunan Telecel a maimakon Vodafone. Stonebwoy ya ci kambun a shekarar, King Promise ya ci a 2025. A farkon kowace shekara ake buɗe karɓar waƙoƙin da suka fita a shekarar da ta gabata. Duk fadar da take son a ji Hausa a wannan zaure, sai ta sa yaronta a situdiyo kafin watan Disamba ya ƙare.