A buɗe ƙofar darussan gani da ido a tarukan masana

Duk manomin da ka tambaya a Dabai zai ce maka damina ta canza hali. Wani ya ce ruwa na makara, wani ya ce yana saukowa da wuri sai ya ɗauke bayan an yi shuka. Amma idan ka tambaya a wace shekara, a wane yanki, kuma kwana nawa aka yi ba ruwa, sai a yi shiru. Alhali amsar tana nan a ajiye, kuma kyauta ce. Abin da muke ƙarancinsa shi ne masu iya ɗauko ta.

Masana na kiran wannan fanni bayanan wuri da lokaci, wato duk bayanin da ke amsa tambayar "ina?" da "yaushe?" a tare. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya zana gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan a kan taswira, sai ya ga sun kewaye famfon ruwa guda. A nan gida ma, taswirar ƙauyuka da na'urar bin sawun masu allurar rigakafi sun taimaka wajen gano rugage da unguwannin da ake tsallakewa a Kano da maƙwabtanta, kafin a ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a Agustan 2020.

Kayan aikin ba sa buƙatar arziki. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5, yana iya bambance fili mai faɗin mita 10. Rumbun CHIRPS na ɗauke da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981. Manhajar QGIS da ake zana taswira da ita ba a biyan ko sisi.

To ina gizo ke saƙar? A ganina, a yadda muke gudanar da tarukan masana. Na halarci wani taro inda aka ba kowane mai gabatarwa 'yan mintoci, ya karanta takardarsa a guje, aka tafa, aka raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Wani ɗalibi da ke kusa da ni ya ga taswirori masu ban sha'awa a allo, ya fita bai san ko da inda ake samo hoton ba.

A manyan tarukan wannan fanni na duniya, ana ware lokaci na darussa. Masu shirya taro su fitar da kira, masana su aiko da shawarar darasin da za su koyar, kwamiti ya tace. Wannan ne nake roƙon mu ɗauka. Tunda Zuru ta samu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, muna da wurin da ya dace a fara.

Shawarar darasi mai kyau ba ta da tsawo. Ta faɗi wa za a koya wa, malamin gona ne ko ɗalibin digiri na biyu. Ta faɗi abin da ya kamata ya sani kafin ya zo, da awa nawa za a ɗauka, da bayanan da za a yi aiki da su. Mafi muhimmanci, ta faɗi abin da mutum zai fita da shi a hannunsa. Misali, darasin awa 3 da za a ɗauko ruwan saman Dabai na shekara 40, kowa ya fitar da ranar da damina ta kankama a kowace shekara. Ko a jera hotunan Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu na shekaru daban-daban, a ga inda daji ya ragu da inda gonaki suka koma saura saboda rashin tsaro ya kori masu su.

Na san za a ce ba wuta, ba intanet mai ƙarfi. Gaskiya ne, amma mai darasi na iya sauke bayanan tun kafin ranar, ya raba a filashi, mutum biyu ko uku su haɗu kan kwamfuta ɗaya. Za a kuma ce takarda ce ke kawo ƙarin girma a jami'a, darasi ba ya kawowa. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma gyaransa na hannun hukumomin jami'o'i: su riƙa lissafa darasin da kwamiti ya tace cikin aikin malami.

Akwai kuma abin lura. A yankin da 'yan bindiga ke kai hari, taswirar da ta nuna rumbuna da garken shanu da hanyoyin ƙauye na iya zama makami. Dole kowane darasi ya koyar da abin da ake bayyanawa da abin da ake sakayawa.

Kirana ga masu shirya taruka shi ne su ware ko da yini ɗaya na darussa. Ga malamanmu da suka ƙware kuwa, kada su jira a gayyace su, su rubuta shawarar su aika. Idan malamin gona ɗaya ya koma Dabai yana iya gaya wa manomi, da hujja, makon da shuka ta fi tsira a shekarun baya, to taron ya biya kuɗin da aka kashe masa.