Tururuwar da ke ɗinka gidanta da ganye

Mu da muka taso a Arewa, in aka ce gidan tururuwa rami ne ke faɗo mana a rai. Kiyashi da cinnaka duk a ƙasa muka san su. To a darasin nazarin ƙwari na makon jiya aka gabatar mana da wata 'yar'uwarsu da ba ruwanta da haƙa rami, wata jar tururuwa da masana ke kira Oecophylla. Mazauninta saman bishiyoyin kurmi ne, inda ruwan sama ya wadata, daga kudancin Najeriya da Kamaru har Kwango. Tana da dangi a Indiya da arewacin Ostareliya.

Yadda take ginin ne ya sa aji ya yi tsit. Ma'aikata sukan jeru a bakin ɗanyen ganye, su cafko na kusa da baki su jawo. Idan tazarar ta fi ƙarfin guda, sai wata ta kama ƙugun wata, su zama sarƙa har ganyen biyu su haɗu. Saura ɗinki, ga shi babbar tururuwa ba ta fitar da zare. Sai a shiga gida a ɗauko 'ya'yan, tun suna tsutsa, a riƙe su a baki ana kai su nan ana dawo da su can kamar allura, suna zubo farin siliki har ɗinkin ya kama. Zaren da tsutsar wasu tururuwan ke naɗe kanta da shi kafin ta girma, ita wannan a kan gidan kowa take ƙarar da nata.

Zuri'a guda takan kai ma'aikata 500,000, da sheƙa fiye da 100 a bishiyoyi da dama, duk 'ya'yan sarauniya ɗaya.

Tana da cizo, ba wasa. Wanda ya taɓa hawa mangwaro a Kudu zai ba da labari. Shi ya sa manoma da yawa ke cinna wa sheƙar wuta. A ganinmu asara ce, domin ita ke korar ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa, da ƙwarin da ke ɓata kashu da koko. Wani littafin ƙasar Sin na shekarar 304 ya nuna tun a lokacin masu lambun lemo kuɗi suke sawa su sayi sheƙarta a kasuwa, su rataya a bishiyoyinsu.