Firojet Ɗinmu Ya Daina Ƙarewa a Saman Kabad

Duk shekara haka ake yi. Ɗalibin ajin ƙarshe ya tara kuɗi da kyar, ya haɗa na'ura, ya kare ta a gaban malamai, a ba shi maki, sai a jefa ta saman kabad ƙura ta rufe ta. Ni dai na gaji da ganin wannan asara.

Ni ɗan ƙasar Birnin Gwari ne, inda masara ce arzikinmu. A ƙarshen 2021, da aka katse sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ina makaranta, na yi makonni ban ji muryar gida ba. A lokacin ne na lura cewa kusan duk na'urar da muke haɗawa a aji da layin waya take aika saƙo. Wato da a garinmu take, gawa ce.

Alhali akwai mafita. Ana iya dasa ƙananan na'urori a gona, wannan tana auna laimar ƙasa, waccan zafi, wata kuma ruwan sama. Kowacce da batir da ɗan faifan sola. Ta rediyon LoRa suke aika abin da suka auna zuwa uwar na'ura guda, daga nisan kilomitoci, ba kati ba data. Manomin da gonarsa ke bakin dajin Kamuku, wanda kowace fita sai ya yi shahada, zai san halin da ƙasarsa ke ciki kafin ya ɗauki fartanya.

Za a ce ina kuɗin? To, kuɗin da muke zubarwa a firojet goma da ba sa aiki, mu haɗa su a guda ɗaya mai aiki mana. 'Yan lantarki su haɗa na'urorin, 'yan kwamfuta su rubuta manhaja, 'yan aikin gona su fassara alƙaluman. Aji ya fita, na baya ya ɗora. Malamanmu ma sun samu abin bincike na ƙasarmu.

Ban ce a tura ɗalibi daji ba fa! A fara a filin makaranta, damina guda, a ga abin da zafi da gara za su yi wa kayan.

Shugabannin ƙungiya, ku kai wannan magana gaban shugabannin sassa tun kafin a raba batutuwan firojet na bana.